Toyota ko Honda: Abin da Mai Neman Mota Zai Auna Kafin Ya Saurari 'Yan Ga-ni-kashe-ni

Duk wanda ya tara 'yan kuɗinsa ya furta a majalisa cewa yana neman mota, a ranar zai gane abokansa sun kasu gida biyu. Wasu za su rantse masa cewa in ba Toyota ya saya ba ya zubar da kuɗinsa. Wasu kuma su ce Toyota motar matsorata ce, wanda ya san daɗin tuƙi Honda yake hawa. Murya ta ɗaga, a shiga kawo tarihin motar ƙanin baba da ta maƙwabci, a watse ba a faɗa wa mai tambayar abin da zai amfane shi ba. Abin yana damuna, domin kuɗin mota a yau ga mafi yawanmu tarin shekaru ne, wani sai da ya sayar da fili, wani bashin wurin aiki ya ci. Bai kamata irin wannan kuɗi ya tafi a kan wanda ya fi iya baki a majalisa ba.

Kowane ɓangare yana riƙe da wata gaskiya. Matsalar ita ce suna musu a kan tambarin da ke gaban mota, alhali mai saye ba tambari zai kai gida ba. Mota ɗaya zai kai, ta wata shekara, mai wani irin inji da wani irin giya, wadda ta riga ta yi shekara goma ko ashirin a hannun wasu. A cikin Toyota akwai shekarun da zan hana ɗan'uwana ya saya, a cikin Honda ma haka.

Irin wannan ƙauna ba yau muka fara ta ba. Iyayenmu sun yi ta a kan Fijo. Tun da kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, 504 ta zama motar gwamnati, motar tasha, motar Alhaji, kuma akwai dattawan da har gobe ba su yarda an ƙera abin da ya kai ta ba. Abin da ya ɗaure mutane da ita a fili yake: kowane bakanike ya san cikinta, kayanta kuma ko a ƙauye ana samu. Da motocin Japan na hannu suka fara kwararowa ta Kwatano, kayan gyaransu suka cika kasuwa, sai ƙaunar ta bi su.

Kamfanonin biyu halinsu ya bambanta tun daga tushe. Toyota, wanda Kiichiro Toyoda ya kafa a 1937, ba ya gaggawar sauya abin da ke aiki. Corolla ta fito a 1966, zuwa 2021 an sayar da fiye da miliyan 50, amma har 2013 ana sa mata giyar otomatik mai hawa huɗu, lokacin da sa'o'inta sun daɗe da wuce nan. Honda kuwa Soichiro Honda ya kafa shi a 1948 a kan babura, kuma kamfani ne na masu son inji da tsere. Civic ta zo a 1972, Accord a 1976. Suna son gwada sabuwar dabara, shi ya sa motarsu ta fi rai a hannu, shi ya sa kuma takan fi neman a bi ta da ƙa'ida.

Camry da Accord

A nan musu ya fi zafi, don haka a nan zan fi daɗewa. Accord ta 2003 zuwa 2005 da muke kira EOD, da ta 2006 da 2007 da ake kira DC, in an ajiye su kusa da Camry ta 2002 zuwa 2006 wato Big Daddy, injin kowacce mai filogi huɗu girmansa lita 2.4 ne, ƙarfinsu kuma kusan ɗaya: doki 160 a Accord ta 2003, 157 a Camry ta 2002. Ba a takarda bambancin yake ba, a sitiyari yake. Accord tana zama daram a kwana, sitiyarinta yana gaya maka abin da taya ke takawa, in ka taka ta amsa nan take. Wanda ke yawan bin hanyar Kano zuwa Kaduna ko Zariya zuwa Funtuwa zai ji wannan a jikinsa. Camry kuwa laushi ta sa a gaba. Tana shanye gargada, cikinta shiru, iyali a baya ba sa jin an jijjiga su, amma a kwana takan ɗan kwanta, sitiyarinta kuma ba ya ba ka labari. Masoyan Honda suna da gaskiya in sun ce tasu ta fi daɗin tuƙi. Ban ga amfanin musanta musu wannan ba.

Sai dai daɗin yana da farashi, kuma a ƙafa ake biyansa. Har zuwa 2012 ƙafar gaban Accord mai hannu biyu ce, na sama da na ƙasa, kuma nauyin gaban motar yana bi ta boljoyin na ƙasa, wato mahaɗar da ke ɗaure taya da hannun ƙafa. Wannan tsari shi ke ba ta zaman da ake yabo. A Camry kuwa shokazoba ce ke ɗauke da nauyin kai tsaye, boljoyin aikinsa riƙe taya a layi. Shi ya sa boljoyin Camry kan daɗe yana ƙara yana ba ka gargaɗi, na Accord kuwa in ya ci ya kai maƙura sai ya fita gaba ɗaya. Kusan kowa ya taɓa ganin hoton a bakin titi: Accord ta durƙusa a gefe ɗaya, tayar gaba ta juye waje ta kwanta cikin bodi, shaf ya zare, man giya ya malala a kwalta, mai motar yana tsaye da waya a kunne. Yawanci a wajen juyawa ko hawa tudun rage gudu abin ke faruwa, amma ba kullum ake samun wannan sa'ar ba.

Wannan ba ƙage ba ne da 'yan Toyota suka ƙirƙira. Amma kuma ba ƙaddara ba ce da ba ta da magani. Boljoyin yana da 'yar roba da ke riƙe giris. Ramuka, ƙura da ruwan damina suna yaga robar, giris ya fita, yashi ya shiga ya ci ƙarfen. Mai Accord da ke sa a ɗaga motarsa a duba robar nan duk lokacin juyen baƙin mai, yana kuma sayen boljoyin na kirki ba mafi araha a shago ba, zai iya shekaru bai ga wannan rana ba. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce ko kai mai yin hakan ne. Akwai mutanen da ba sa tuna gareji sai mota ta tsaya, kuma ba laifi ba ne mutum ya san kansa. Irin wannan mutum ya bar Accord ta kafin 2013, don a 2013 ne Honda ta koma irin ƙafar da Camry ke da ita.

Abu na biyu shi ne giya. Tsofaffin giyoyin otomatik na Honda kamfanin ne ya ƙera abinsa da tsari na daban, ba irin na kamfanin Aisin da Toyota ke amfani da shi ba, kuma ba sa yafe man da ba nasu ba. Man da aka yi musu shi ne ATF-Z1, wanda daga baya DW-1 ya maye gurbinsa. Wanda ya zuba musu jan man giya na gama-gari don ya fi sauƙi, ba da daɗewa ba zai fara jin mota tana zabura ko tana jinkirin shiga giya. Haka man sitiyarinta, shi ma nata daban ne. Ban da wannan, akwai shekarun da giyar kanta ke da rauni tun daga masana'anta: Accord ta 1998 zuwa 2002 ta yi ƙaurin suna a kai, sannan a 2004 Honda ta yi kiranye, wato ta nemi a dawo da mota a gyara kyauta, ga motoci sama da miliyan ɗaya masu filogi shida, ciki har da Accord V6 ta 2003 da 2004, saboda giya ta biyu tana ɗaukar zafi don mai ba ya isar ta. EOD da DC masu filogi huɗu ba su cikin wannan rukuni, kuma injinsu K24 yana cikin mafi ƙwari da Honda ta taɓa yi. Sarƙa yake amfani da ita wajen tayimin, ba bel ba. V6 ɗin kuwa bel ne, ana sauya shi wajen mil 100,000, in ya tsinke mota na tafiya fistin zai daki bawul. Wanda zai sayi V6 bai san ranar da aka sauya bel ɗin ba, ya sa kuɗin sauyawa cikin lissafinsa tun kafin ya biya.

Accord ta 2008 zuwa 2012, wadda wasu ke kira Anaconda wasu Evil Spirit, ta fi girma da kyan ciki. V6 ɗinta mai otomatik yana da dabarar kashe wasu silinda don rage shan mai, dabarar kuma ta jawo ƙorafin cin baƙin mai da lalacewar filogi har aka kai kotu a Amurka aka sasanta a 2013. Mai filogi huɗun ya fi kwanciyar hankali, ko da yake da yawansu suna yin wata ƙara kamar an ja sarƙa na daƙiƙa biyu in an tayar da safe.

To, ita Toyota fa? A nan masoyanta suke yin shiru, kuma shirun nasu ya cuci mutane da yawa. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai lita 2.4, wato Muscle ta farko, ta shahara da shan baƙin mai saboda matsalar fistin da ringi. Toyota da kanta ta amsa, ta tsawaita garanti a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 150,000 don a sauya fistin. Motar da ta iso mana bayan wa'adin ya wuce, mai ita ne zai ɗauki nauyi. Ba hayaƙi take yi sosai da za ka gani ba, sai dai ka zaro sandar gwaji bayan sati uku ka tarar mai ya sauka ƙasa. Wanda ya sakankance cewa Toyota ba ta ɓaci, bai ko buɗe bonet, shi ne wanda injinsa ke bugawa a hanya. A 2010 aka sauya mata inji zuwa lita 2.5, kuma in za ka sayi Muscle, 2010 ko 2011 za ka nema ko da za ka ƙara kuɗi. Duk zubin 2007 zuwa 2011 kuma dashbod ɗinsu kan narke ya yi danƙo a ƙasa mai zafi, yana ƙyalli a gilas da rana tsaka, abin da ba ƙaramar damuwa ba ce ga mai tuƙi a Sakkwato ko Maiduguri. Kafin su ma, injinan Camry na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 sun yi fama da daskarewar baƙin mai in an jinkirta juye. Sannan a 2014 Toyota ta biya tarar dala biliyan 1.2 a Amurka kan yadda ta ɓoye matsalar totur da ke maƙalewa. Ba don in ɓata ta na kawo waɗannan ba. Na kawo su ne don mai saye ya duba Camry da idon da zai duba Accord.

Duk da haka, in aka ce a zaɓi wadda ta fi jure sakaci, Camry ce. Ƙafarta mai sauƙi ce, giyarta tana da haƙuri, kuma kuskuren bakanike ba ya saurin kwantar da ita.

Corolla da Civic

Nan zancen gajere ne. Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai inji lita 1.8 ita ce mota mafi sauƙin riƙewa da na sani a ƙasar nan. Ba ta da ƙawa, ba ta da wani gudu, cikinta roba ce zalla, amma da wuya ka je garin da za a rasa mai gyara ta. Ba banza masu Bolt da masu haya suka yi mata rubdugu ba. Aibinta sananne shi ne ƙwaƙwalwar injin, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, ta 2005 zuwa 2008, wadda aka yi wa kiranye a 2010 saboda mota kan mutu tana tafiya. Civic ta 2006 zuwa 2011 ta fi ta ƙarfi, doki 140, giyarta hawa biyar, cikinta ya fi zamani nesa ba kusa ba. Amma bulok ɗin injin na 2006 zuwa farkon 2009 yakan tsage ya riƙa zubar da ruwa, har Honda ta tsawaita masa garanti zuwa shekara 10, kuma na farkon zubin suna cin tayar baya ta ciki. In Civic ce ta kwanta maka, nemi 2010 ko 2011. In kuwa motar za ta nemo abincin gida ne, ko za ta riƙa shiga ƙauye, Corolla ce, ba ni da wani dogon bayani a kai.

Shan mai

Tun da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, a 2024 har ta taɓa 1,000, kowa ya koma lissafin tanki. 'Yan Toyota na cewa Honda mashayiya ce. A gwajin hukuma na Amurka kuwa, Camry da Accord masu filogi huɗu na waɗannan shekaru kusan kunnen doki suke, wajen kilomita 10 a lita in an haɗa gari da babbar hanya, Corolla da Civic kuma wajen 12. Ratar da ke tsakanin ƙarama da babba, ko tsakanin filogi huɗu da shida, ta fi ratar da ke tsakanin kamfanonin biyu. Abin da ke sa mota zuƙar mai a wajenmu yawanci hannunmu ne: an cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, an haɗa fanka kai tsaye don wai ƙasarmu da zafi, injin ba ya kai zafin da aka tsara masa, ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙara mai tana zaton har yanzu safiya ce. An fasa salansa an kwashe abin tace hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi an sayar. Na'urar auna iska ta mutu wutar cek na kunne shekara guda. Sannan ita Accord tana zuga mai ita ya taka, wanda ya taka kuwa zai biya.

Haka zancen baƙin mai. Waɗannan injina duka, VVT-i na Toyota da i-VTEC na Honda, da matsin mai suke sarrafa bawul ta wasu ƙananan hanyoyi. A murfin wurin zuba mai an rubuta irin wanda suke so, galibi 5W-20 ko 5W-30. Mu kuwa 20W-50 mai kauri ake ɗura musu, a zuba ruwan rijiya a lagireto maimakon ruwan da aka yi don shi. Toyota takan daɗe tana haɗiye wannan kafin ta nuna, Honda takan nuna da wuri. Rabin sunan da kowacce ta yi a majalisa daga nan ya samo asali.

Kayan gyara, bakanike, da ranar sayarwa

A Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja ko Ladipo a Legas, kayan duka biyun suna nan jibge, sabo da na Beljiyam. Da ka bar manyan birane sai Toyota ta fara tsere wa abokiyarta. A ƙaramar hukumar da ke da shagon kayan mota biyu ko uku, abin da ka fi tabbacin samu na Corolla ne da Camry da Hiace. Yawan kasuwar kuma ya jawo mata jabu, don mai buga jabu abin da ake rububi yake kwaikwayo. Kwali mai tambarin Toyota ba shaida ba ce.

Kafin ka yanke shawara, je ka zauna da bakaniken da zai riƙa taɓa motar. Kada ka tambaye shi wacce ta fi, don shi ma ɗan wani gida ne. Ce masa, "Oga, wane man giya kake zuba wa DC?" In ya ce duk ɗaya ne, ja dai ja ne, to ka san Honda ba za ta yi tsawon rai a hannunsa ba. Ko ka sauya bakanike, ko ka sauya mota.

A wajen sayarwa Toyota ta yi nisa, kuma wannan ita ce hujjar masoyanta mafi ƙarfi. Corolla ko Camry mai lafiya in ka kai wa dillalai da safe, ba wuya a yi ciniki kafin la'asar, kuma ba ta faɗuwa warwas. Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da motarsa ita ce ajiyarsa ta ranar buƙata, rashin lafiya ko kuɗin makaranta ko aurar da 'ya, wannan babban abu ne. Accord takan daɗe a filin dillalai, a yi ta taya ta da wulaƙanci. Amma juya lissafin ka gani: abin da ke cutar mai sayarwa shi ke amfanar mai saye. Kuɗin da zai ba ka Corolla da ta sha wuya a hannu uku, sau da yawa zai ba ka Accord mai tsabta, ko wadda ta fi ta ƙuruciya da shekara biyu ko uku. In niyyarka ka hau mota shekara bakwai ko takwas har ta tsufa a hannunka, farashin sayarwa bai kai muhimmancin da ake ba shi ba, kuma ƙarin da ka biya don tambarin Toyota kuɗi ne da ka ajiye ba za ka taɓa ba sai ranar rabuwa. Kuma farin jinin yana da wani gefe: motar da kayanta ke saurin shiga kasuwa ita ɓarawo ya fi so.

Wani abin da ke nuna iyakar tambari shi ne Pontiac Vibe da ta cika titunan Arewa. Sunan na kamfanin General Motors ne, amma tagwayen Toyota Matrix ce, an haɗa ta a masana'antar NUMMI ta Kalifoniya daga zubin 2003 zuwa 2010, injinta da giyarta na Toyota ne, mai lita 1.8 ɗin irin na Corolla. Waɗanda suka fara gane haka sun hau Toyota a farashi mai sauƙi kafin kasuwa ta farga. Haka Lexus ES350 ta 2007 zuwa 2012 gindinta da injinta na Camry V6 ne, Acura kuma Honda ce. Jakar iska ta kamfanin Takata, wadda kan fashe ta watsa ƙarfe a fuskar direba ko fasinja, tana cikin Honda da yawa, musamman Accord da Civic na 2001 da 2002, tana kuma cikin Corolla ta 2003 zuwa 2008. Zafi da laima ne ke lalata sinadarin cikinta, kuma mu muna da zafi. Kamfanin ya durƙushe a 2017, amma motocin suna nan a titunanmu.

In kuɗinka ya kai sababbi

Daga 2013 abubuwa sun sauya, tsohon musun ma bai cika hawa kansu ba. Accord mai filogi huɗu ta koma giyar CVT a 2013, Civic da yawancin Corolla suka bi a 2014. CVT ba ta da hawa-hawa irin na da, bel ne na ƙarfe a tsakanin kwanuka biyu, kuma kowacce da nata mai na musamman. A nan Corolla ma ta daina yafiya: zuba mata man giya na da, ka gama da ita. Civic daga 2016 da Accord daga 2018 sun zo da ƙaramin inji lita 1.5 mai tabo, mai ƙarfi da tsimin mai, amma mai son fetur mai kyau da juye a kan lokaci, kuma masu gyara shi da sani ba su yi yawa ba tukuna. Camry ta 2012 zuwa 2017 ta tsaya a kan lita 2.5 da giyar otomatik ta gargajiya mai hawa shida. A wannan aji, ga mai zama nesa da babban gareji, ita zan nuna.

Wace ce taka

Mai mota ɗaya tak, wanda albashinsa ba ya ɗaukar ba-zata, ko mai zama a garin da ba kanikawa da yawa, ko wanda zai ba direba ko ƙannensa su riƙa ja, ya sayi Corolla, in iyali da yawa Camry ta 2005, 2006, 2010 ko 2011. Wanda ke tuƙa kansa, yana yawan doguwar tafiya a kwalta, yana da bakanike mai jin magana, kuma ba ya ƙyashin sayen mai na asali, DC mai filogi huɗu za ta ba shi mota fiye da kuɗinsa, kuma zai ji daɗin da mai Camry ba zai ji ba. Ni a raina Accord ta fi burge ni. Amma mutum goma in suka tambaye ni, yawancinsu Toyota zan ce musu, don na san yadda muke riƙon mota da irin hanyoyin da muke bi.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: motar da ta shekara goma sha biyar dole akwai abin da ta gaji da shi, ko wane tambari ke gabanta. Saboda haka Accord mai lafiya ta fi Camry da aka tsamo daga ambaliya, kuma irin waɗannan suna shigowa, don bayan kowace babbar guguwa a Amurka, kamar Harvey ta 2017, motocin da ruwa ya ci sukan bi ta gwanjon Copart da IAA su watsu duniya. Je ka ga mota da sassafe kafin dillali ya ɗumama ta. Taɓa bonet ka tabbatar da sanyi, sannan a tayar kana tsaye a baya kana kallon salansa. Zaro sandar man giya in tana da ita, goga a farin ƙyalle: ja mai haske lafiya, baƙi mai ƙaurin ƙuna kuwa ka yi sallama. Ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujera da na but ka shinshina, ka duba tsatsa a ƙusoshin kujera da busasshen taɓo a lungun waya. Kunna makulli ba tare da tayarwa ba, ka ga wutar cek da ta jakar iska sun kama sannan sun mutu bayan an tayar, domin akwai masu cire ƙwan gaba ɗaya. In dillali ya ce, "Haba Alhaji, wannan fa ko fenti ba a taɓa ba," ka ce masa madalla, sannan ka sa a ɗaga ta a kuma sa mata kwamfuta.

Lambar VIN mai harafi da lamba 17 tana jikin gilas ta gefen direba. Ta goma a jere ita ke nuna shekarar zubi, don haka da ita za ka kama motar 2008 da aka sauya wa fitilu da bamba aka ce 2010 ce. Da ita kuma za ka nemi tarihin motar a shafin intanet na Carfax, ka duba a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, kyauta ko akwai kiranyen da ba a yi mata ba, har da na jakar iska. Sannan takardun kwastan. A ranar 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da mota Najeriya ta iyakar ƙasa, kuma motocin da suka biyo ta daji da takardun bogi suna da yawa a kasuwannin Arewa. Kai lambar takardar ofishin kwastan a tabbatar maka kafin kuɗi ya bar hannunka. Kuma kada ka ƙarar da duk abin da ka tara a kan farashi da la'ada. Ware wani abu na satin farko: juyen baƙin mai da na giya da irin man da aka rubuta, mayar da tamostat in an cire, wanke lagireto, tayoyi in sun tsufa, in kuma Accord ce ta kafin 2013, sababbin boljoyin na ƙasa guda biyu kafin ka ɗauki iyali zuwa ko'ina.